Gahawar Baiko a Otal ɗin Golem

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Na fara na goge, na sake farawa na sake gogewa, daga baya na tura wayar ƙarƙashin filo na fita sharar tsakar gida. Rubutu yana ba ni wuya, a aji huɗu na tsaya, kuma abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne. Sai wata a cikinku ta turo min saƙo tana cewa, "Merita, ko dai an yi baikon ne kin manta da mu?" Na daɗe ina kallon saƙon. To, gara ku ji daga bakina.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shekarata ashirin da huɗu, daga wani ƙauye nake a kan dutse sama da Librazhd. An cire ni daga makaranta lokacin da mahaifiyata ta kwanta, ni na yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Mahaifina ya riga ta tafiya. Tun daga nan nake gidan ƙaninsa, Baffa Selim, ɗaki ɗaya da yayarsu Goggo Sabrije, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta.

Petrit kuwa, wanda ake maganar baikon da shi, a wani biki ya gan ni bara da rani. A Italiya yake, a Modena, yana aikin shimfiɗa tayil a gidaje. Shekara guda muna waya. Shi ya rubuto, ni in amsa da saƙon murya, don kafin in haɗa layi biyu ya yi barci. Ya ce da safe yake saurare na a mota in za su aiki. Yakan ce in faɗa masa me na dafa, ko in ɗauko masa ƙarar ƙararrawar awakinmu idan suna saukowa da yamma. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da na dafa don yana son jin muryata, sai don yana jin yunwa. Ku riƙe wannan: ba wanda ya tilasta ni. Ni nake son sa.

Da watan Agusta ya kama suka zo gida hutu, shi da iyayensa da ƙanwarsa. Ya ce babansa ba ya jin daɗin jikinsa, hanyar dutsenmu za ta wahalar da shi, don haka sun kama ɗakuna a wani otal a Golem, bakin teku, har da ɗaya nawa da Goggo. Irin otal ɗin nan ne da ake biya gaba ɗaya tun farko, ci da sha da kwana, ba mai sake tambayarka komai. Za mu yi 'yan kwanaki a san juna, ranar ƙarshe da safe Baffa Selim ya sauko a sha gahawa. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Idan yarinya ta fito da tiren gahawa da hannunta, manyan gida biyu suka sha, an ba da ita ke nan. Idan ba ta fito ba, kowa ya ɗauki hularsa, ba a ce komai ba kuma an ce komai.

A cikin bas Goggo ba ta bar ni na kalli hanya ba. Kar in zauna a gaban surukina sai an ce in zauna. Kar in ci sai sun ci. Kar in yi dariya haƙorana a waje. In na ga kofi ba ruwa in cika, in na ga faranti ba abinci in kwashe. Ta tuna min ɗan Baffa zai yi aure da kaka, kuma ɗakin da muke kwana shi za a gyara wa amaryarsa, ita Goggo za ta koma ɗan ɗakin da ke bayan kicin, wanda gado ɗaya kawai yake ɗauka. Ba ta faɗi inda ni zan koma ba.

"Ba ki da boko, ba ki da uwa, ba ki da gona," ta ce. "Hannu kike da shi. Ki bari su gani."

A ƙofar otal wata yarinya ta ɗaura mana awarwaron roba ruwan ɗorawa a hannu, ta ce kar mu cire, da shi za mu ci mu sha. Goggo ta juya hannunta tana kallo, ta ce ita a asibiti kaɗai ta san ana ɗaura wa mutum wannan, Allah ya sa ba tiyata za a yi mata ba. Ɗakinmu yana hawa na uku, tawul an naɗe shi kamar tsuntsu a kan gado, ga baranda tana kallon teku. Ban taɓa ganin teku kusa haka ba. Na tsaya riƙe da ƙarfen barandar har Goggo ta ce in zo in goge siket ɗina.

Petrit yana jiran mu a ƙasa. Ya fi yadda na tuna rama, wuyansa ya ƙone da rana. Ya ba ni hannu kamar yadda ake ba baƙo, amma ya ɗan matse yatsuna kafin ya saki, zuciyata ta yi wani irin tsalle. Mahaifiyarsa, Mama Drita, gajeriya ce mai rinannen gashi, tana tafiya hannu ɗaya a ƙugu. Ta sumbace ni a kumatu biyu ta ce masha Allah. Ƙanwarsa Denisa, wadda a can Italiya aka haife ta, ta ɗago ido daga waya ta yi min murmushi ta mayar.

Sai aka turo mahaifinsa, Baba Hysen.

'Yan uwa, "ba ya jin daɗin jikinsa" aka ce min. A keken marasa lafiya yake, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, hannun yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. An sa masa farar hula da riga mai guga. Na durƙusa na sumbaci hannunsa mai lafiya na kai goshina. Ya yi ƙoƙarin magana, maganar ba ta fito ba, idonsa ya kawo ruwa. Na kalli Petrit. Yana kallon takalminsa.

Ɗakin cin abinci ya fi masallacin ƙauyenmu girma. Dogayen tebura shaƙe da gasasshen kifi, shinkafa, taliya kala-kala, burek mai kama da samosa, farin cuku, zaitun, kankana an yanka ta kamar fure. Kowa ya ɗauki faranti ya ɗiba iya cikinsa. Ga 'yan Poland jajir kamar an gasa su, ga 'yan Kosovo da yaransu suna guje-guje da askirim a hannu biyu. Goggo ta sa na saka kayana mafi kyau, farar riga mai kwala da baƙin siket har ƙasan gwiwa, ta ce su ne kayan mutunci. Muna shiga na ga duk 'yan matan da ke aiki a wurin farar riga mai kwala ce a jikinsu da baƙin siket. Denisa ta riga ni gani.

"Yaya, ashe a cikin ma'aikata ka zaɓo mana," ta ce. "Amaryarmu, ina ɗan allon sunanki na ƙirji? Ko yau kika fara?"

Petrit ya jefe ta da guntun burodi ya ce ta rufe masa baki, akuya kawai. Mama Drita ta ce a bar yarinya, kayanta sun fi tsumman da Denisa ta rataya ta kira shi riga.

Suka zauna. Ni ban zauna ba. Wanda ya kamata ya ce min in zauna Baba Hysen ne, shi kuwa bakinsa ba ya ba shi dama. Mama Drita ba ta ce ba. Sai na tsaya a bayan kujerar Goggo hannuwana a haɗe. Daga nan na fara kai-kawo, in ɗebo wa wannan kifi, in kawo wa wancan ruwa. Wayata ta yi motsi a aljihu. Petrit ne. Na juya baya na karanta a hankali.

"Ki zauna mana. Nan otal ne, akwai waɗanda ake biya su yi wannan."

Na kalli Goggo. Ta ɗan runtse ido ɗaya. Na mayar da wayar aljihu.

Mama Drita ce ke ba maigidanta miya a baki. Duk sunkuyawar da za ta yi sai ta cije leɓe saboda bayanta. Ban san lokacin da na ce ta kawo in taya ta ba. Hannuna ya riga kaina. Na zagaya ta ɓangarensa mai lafiya, na gyara masa zama, na rage cokalin, ina jiran maƙoshinsa ya motsa kafin in ƙara. Haka na yi wa mahaifiyata shekara da shekaru, ba abin da sai na yi tunani ba ne. Ya cinye tas. Mama Drita, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana kula da tsofaffin Italiyawa a gidajensu, ta jingina da kujera tana kallon hannuna, irin kallon da mai sana'a ke yi wa mai sana'a. Ta ce tun da ciwon ya same shi ba ta ci abinci da zafinsa ba sai yau. Goggo ta yi ta ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ni ma na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce a raina, sun so ni.

Daga ranar abin ya zama haka ba tare da wani ya ce ya zama ba. Da sassafe Mama Drita za ta ƙwanƙwasa, ta ce ko zan ɗan taya ta ɗaga shi zuwa keke. Daga ɗagawa sai wanke fuska, daga wanke fuska sai aski, sai magani, sai juya shi in ya gaji da kwanciya. Petrit yakan shigo ya ce a bar masa, amma ɗaga shi yake yi kamar buhun siminti, tsohon ya yi ta nishi, sai uwarsa ta ce ya je ya huta, shekara guda yana durƙushe a kan gwiwa a gidajen mutane. Sai ya fita.

Saƙonninsa suna ta shigowa. "Ina bakin tafkin wanka, zo ki ga wani ƙaton ɗan Poland yana rawa a cikin ruwa." Can kuma, "Na ɗebo miki askirim." Can kuma, "Ya narke." Ni kuma in matsa baranda in yi magana ƙasa-ƙasa in ce Baba yana barci, in na buɗe ƙofa zai farka. Denisa ta ara min kayan wankanta, ta ce in daina yawo kamar mai zuwa ta'aziyya. Na shiga banɗaki na kulle na saka, na kalli madubi, na cire, na ninke mata. Ƙafata kaɗai ta taɓa ruwan tekun nan, ita ma sau ɗaya.

Wata rana da rana ina wucewa da kofin ruwa, wani bature ya miƙo min farantansa guda biyu da ƙashin kifi a kai, ko kallona bai yi ba. Na karɓa. Na kai har ƙofar kicin. Wata ma'aikaciya ta karɓe tana dariya, ta taɓa awarwaron hannuna ta ce, 'yar uwa, ke fa baƙuwa ce, je ki zauna kafin a kore mu. Ina juyowa na ga Petrit tsaye, kunnuwansa sun yi ja.

"Me ya sa kika karɓa?"

"Miƙo min ya yi."

Ya ce in zo mu je bakin ruwa yanzun nan, ya kama hannuna. Ba mu kai ƙofa ba Goggo ta ɗaga murya daga tebur ta ce lokacin maganin Baba ya yi.

Ana gobe Baffa zai zo, bayan azahar, muna zaune ƙarƙashin lema a kan yashi, ni da Goggo da Mama Drita. Baba Hysen yana gyangyaɗi a kekensa, na rufa masa tawul a gwiwa. Goggo tana feraye tuffa da wuƙar da ta saka a jaka daga ɗakin cin abinci. Mama Drita ta fara ba da labarin gidansu na ƙauye kusa da Lushnje, yadda suka gyara shi bana. An faɗaɗa ƙofar banɗaki don keke ya shiga, an fasa matakalar ƙofar gida an yi gangare. Ta ce ita da maigidan sun gama da Italiya, ba za su koma ba, mutum ya mutu a inda ake jin yarensa. Na ce Allah ya ba da lafiya da nisan kwana.

"Ɗakinku yana manne da nasa," ta ce. "Ko tari ya yi za ki ji."

"Ɗakinmu?"

"Naki da Petrit, in ya zo."

Na ce in ya zo daga ina. Ta kalle ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce daga Modena mana, da Agusta da kuma sabuwar shekara, kamar kowa. Ta ce takardun shiga Italiya ba a yin su rana ɗaya, kuma gidan da yake zaune su uku ne maza, ba wurin mace ba ne. Denisa tana makaranta, ba za a cire ta ba. Sai ta dafa gwiwata, ba da mugunta ba, wallahi ba da mugunta ba.

"'Yata, na wanke iyayen wasu har bayana ya mutu. Na ga yadda ake yi da su a gidan tsofaffi. Ba zan kai nawa can ba, kuma ni kaɗai ba zan iya ba. Ke Allah ya ba ki hannu."

Na juya wajen Goggo. Ba ta ɗago ba. Ɓawon tuffar yana ta sauka dogo bai tsinke ba. A nan na gane ta sani tun muna gida.

Na ce zan je in kama ruwa. Na ciro waya, na danna, na ce, "Kana ina?" Muryata ba ta yi kama da tawa ba. Petrit ya rubuto cewa yana wajen kwale-kwalen roba na haya, ƙarshen lemomin otal. Na same shi zaune a kan yashi yana shan taba. Ya ga fuskata, ya kashe tabar.

Ban san yadda ake fara irin wannan magana ba. Ni ko a waya sai na maimaita saƙo sau da yawa kafin in tura. Na tsaya a gabansa, shi ya ce in zauna, na zauna, kusa da shi, karo na farko tun zuwanmu. Na faɗa masa abin da mahaifiyarsa ta ce. Ya ce ya so ya faɗa min da kansa, kullum sai ya ce gobe. Ya ce na ɗan lokaci ne. Ya ce yana tara abin kama gida, ya ma ga wani mai ɗaki biyu kusa da tasha, akwai baranda inda zan shuka barkono. Duk wannan ya taɓa faɗa min a waya, barandar da barkonon, sau da yawa. Abin da bai faɗa ba shi ne ba yanzu ba.

Sai na yi tambayar da ban san tana cikina ba.

"A bikin bara, kai ka gan ni, ko nuna maka ni aka yi?"

Ya daɗe yana tona yashi da ɗan yatsa.

"Mama ce ta ce in duba waccan mai raba burodi. Ta ce ita ce ta yi jinyar uwarta tun tana yarinya ba a taɓa jin kanta ba."

"To."

"Da farko haka ne, Merita."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ma haka ne. Amma da ƙari. Na rantse miki da ƙari."

Na yarda da shi, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da ƙarya yake yi da na samu abin riƙewa in tashi. Amma mutumin nan yana saurarar awakina a mota da asuba, wannan ba uwarsa ce ta sa shi ba.

Na ce na ɗan lokaci ɗin har yaushe ne. Ya ɗaga kai ya kalli can inda lemarmu take, inda farar hular babansa ke leƙowa ta saman keke. Ya yi saurin sauke ido, amma na gani. Ashe ranar da zan zama matarsa ta gaskiya, in shiga jirgi in ga barandar nan, ita ce ranar da za a rufe tsohon nan da ƙasa. Zan riƙa ba shi miya a baki, in juya shi, in yi masa aski, kuma kowane cokali yana ƙara nisan da ke tsakanina da ɗansa. In na kula da shi da kyau, in daɗe. Na san irin wannan zaman. Na san yadda kunne ke koyon sauraren numfashin mutum ta bango.

Ya ce in yi magana. Na ce rana ta yi sanyi, Baba zai buƙaci rigar sama. Na tashi na kakkaɓe siket ɗina.

A ɗaki na sami Goggo tana jera burodi da ƙananan robobin zuma a cikin jakarta, wai na hanya. Na ce mata me ya sa ba ta faɗa min ba. Ta ce da ta faɗa da na zo? Na ce ban sani ba. Ta ce to shi ya sa.

"A gidan Selim wa kike wa wanki? Wa kike wa girki? Can ma aikin ne, amma da zobe a hannunki, da ɗakinki mai makulli. Nan da kaka amaryar ɗansa za ta shigo, 'yar boko ce, ba za ta taɓa akuya ba. Ke za ki yi mata, ki kwana a ƙasa kusa da gadona. Wanne ya fi?"

Na ce ni miji nake so, ba ɗaki ba. Ban taɓa faɗin magana irin wannan a gaban babba ba, fuskata ta ɗau zafi. Na zata za ta mare ni. Sai ta zauna a bakin gado ta cire takalminta tana murza ƙafa. Ta ce nata mijin shekara goma sha ya yi yana aikin gona a ƙasar Girka, tana ganinsa sau ɗaya a shekara, ya dawo gaba ɗaya da ciwon huhu. Ta ce wace ce a ƙauyenmu take da miji a gida? Mu ƙirga. Ba mu ƙirga ba, don na san amsar.

Muna haka Baffa Selim ya kira. Goggo ta buɗe sautin wayar don mu ji tare. Yana ta fara'a, ya ce ya karɓo kwat ɗinsa daga wurin tela, bas ɗin farko zai shigo. Ya ce yara sun fitar da gadajenmu tsakar gida sun fara fenti, tunda ɗakin ba kowa, kar a ɓata lokaci. Ya ce ina 'yarsa, Allah ya yi mata albarka, ta fitar da su kunya. Na ce amin, Baffa.

Da yamma na ba Baba Hysen abinci kamar kullum. An kunna kiɗa a waje, ana shirin rawar da ake yi wa baƙi, Denisa tana ta jan yayanta su je. Mama Drita ta tafi ɗebo kankana, Goggo ta bi ta. Muka rage ni da shi. Na kai masa cokali, bai buɗe baki ba. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa ya sauke shi ƙasa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi. Da ƙyar maganar ta fito, amma ta fito sarai.

"Yi haƙuri, 'yata."

Ashe ba barci yake yi ƙarƙashin lemar ba. Na ce ba komai, Baba, ci abincinka zai huce. Ya buɗe baki. Hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ya motsi, na goge masa tare da miyar.

Kafin mu hau sama saƙon Petrit ya shigo. "In ba ki fito da tiren ba, ba zan ga laifinki ba. Amma ki fito." Na danna wurin yin magana na riƙe. Ba abin da ya shiga sai kiɗan waje da numfashina. Na goge.

Washegari da safe na yi wanka, na saka farar rigar da baƙin siket ɗin, Goggo ta goge su tun kafin in tashi. Mun sauko mun tarar ana ƙaramar rigima a ƙofa, mai gadi ya hana Baffa Selim shiga ɗakin cin abinci don ba shi da awarwaro. Baffa yana tsaye cikin sabon kwat, gumi na zuba, yana cewa shi ba ci ya kawo shi ba, 'ya ya zo bayarwa. Petrit ya lallaɓa aka bar mu mu zauna a tebur ɗaya a farfajiya, kusa da tafkin wanka, inda wani yaro ke tsamo ganye da raga. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi awaki. Petrit ya aske gemu, ya sa riga mai dogon hannu. Ya ja kujera ɗaya kusa da tasa ya bar ta ba kowa. Sai lokacin gahawa ya yi. Kowa ya sami abin kallo ban da ni.

Na shiga ciki. Ba tukunya, ba murhu, injin gahawa ne mai maɓalli a jikin bango, mutane sun yi layi da kayan barci. Na bi layin. Ta gefen injin akwai ƙofar gilashi da ke fita bakin titi, ana ganin motocin bas suna wucewa, yaran mota suna kiran Durres, Tirana, har da Elbasan, hanyar gidanmu. Na kalle ta har matar da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta nuna min layi ya zo kaina.

Na ɗauki tire. Na jera kofuna. Na danna maɓallin, na sake dannawa, har suka cika.

Da na fito Goggo ta sauke numfashi har ana ji. Na fara da Baffa, sai Mama Drita, sai Goggo, sai Petrit, wanda ya ɗago yana neman idona. Baffa ya ɗaga kofinsa ya ce Allah ya sa alheri, Allah ya haɗa kawunansu, aka ce amin. Amma ba wanda ya kai baki, don uban ango ne zai fara sha, shi kuwa kofinsa yana kan tire, hannunsa mai lafiyar ma ba ya iya riƙe kofi.

Petrit ya taɓa kujerar da ya ajiye min. Na gani.

Na zagaya ta ɓangaren Baba Hysen mai lafiya, na durƙusa, na hura gahawar har ta huce. Ya kalle ni, ya ƙi buɗe baki. Na ce sha, Baba, suna jiran ka. Na tallafi ƙeyarsa da hannu ɗaya, na kai masa kofin da ɗayan, na jira maƙoshinsa ya motsa.